Waiwaye: Yadda Rigimar Haraji Ta Rikiɗe Ta Zama Juyin Juya Halin Amurka

A shekarar 1763, lokacin da yarjejeniyar Paris ta kawo ƙarshen yaƙin shekara bakwai, mazauna yankuna 13 da Birtaniya ke mulki a gaɓar gabashin Arewacin Amurka sun yi murna a matsayinsu na talakawan Sarki George na Uku, domin an raba Faransa da Kanada, abokiyar gabar da ta daɗe tana hana su barci ta kau. Shekara 13 kacal bayan haka, wakilan waɗannan mutane suka taru a Philadelphia suka yanke alaƙa da wannan sarki. An fi danganta sauyin da tunanin masana na zamanin da Turawa ke kira na wayewar kai, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai tunanin ya daɗe a ajiye kafin rigimar kuɗi ta sa aka ɗauko shi.

Tun 1689 masanin Ingila John Locke ya wallafa littafinsa kan mulki, inda ya ce ɗan Adam yana da haƙƙin rai da 'yanci da dukiya tun kafin a kafa kowace hukuma, kuma mulki amana ce da jama'a suka damƙa, wadda suke da ikon karɓewa idan an ci ta. A 1748 Montesquieu na Faransa ya yi bayani kan raba iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai. Lauyoyi da malaman coci da attajiran Boston da Virginia sun shafe shekaru suna karanta irin waɗannan littattafai ba tare da sun yi tunanin tawaye ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda tsarin Ingila ne Montesquieu ya yaba. Abin da ya fi littafi tasiri a rayuwarsu shi ne sabo da mulkin kai: kowane yanki yana da majalisarsa ta zaɓaɓɓu (ta Virginia ta fara zama tun 1619), ita ke aza haraji, a wurare da dama ma ita ke yanke albashin gwamnan da Landan ta turo.

Yaƙin ya bar Birtaniya da bashin da ya kusa ninka na da, ga kuma shirin girke sojoji kusan 10,000 a nahiyar. A Oktoban 1763 sarki ya hana mazaunan yin ƙaura zuwa yammacin duwatsun Appalachia don kauce wa faɗa da 'yan asalin ƙasar, abin da ya ɓata wa masu cinikin filaye rai. A 1764 firayim minista George Grenville ya rage harajin ruwan rake mai kauri daga sisi zuwa taro a kan galan, amma ya tsaurara karɓarsa, alhali 'yan kasuwa sun saba da fasa-ƙwauri da toshiyar baki. Sannan a Maris na 1765 aka zo da dokar kan sarki, wadda ta wajabta amfani da takarda mai hatimin hukuma ga jaridu da takardun kotu da lasisi, har da katin caca. A ganina nan ne Landan ta tafka babban kuskurenta, domin harajin ya faɗa kan lauyoyi da masu maɗaba'a, wato mutanen da suka iya magana kuma suke da abin yaɗa ta.

Ranar 14 ga Agusta, 1765, mutanen Boston suka wayi gari suka ga mutum-mutumin Andrew Oliver, wanda aka naɗa ya raba takardun hatimin, rataye a wata babbar bishiya. Bai ɗau lokaci ba ya ajiye aikin. Bayan kwana 12 gungun jama'a suka afka gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, suka farfasa kayan ɗaki, suka watsar da takardun tarihin da ya shafe shekaru yana tarawa. A Oktoba wakilan yankuna tara suka haɗu a New York, kuma abin lura shi ne harshen da suka yi amfani da shi: haƙƙinsu na 'yan Ingila suka nema, cewa ba a aza wa Bature ɗan Ingila haraji sai da yardar wakilinsa, su kuwa ba su da ko kujera ɗaya a majalisar Landan. Amsar da aka ba su ita ce, garuruwa irin su Manchester da Birmingham ma ba su da wakilai na kansu, amma kowane ɗan majalisa yana wakiltar daular baki ɗaya. Wannan hujja ba ta shiga kunnen wanda teku mai tafiyar makonni ta raba da majalisar ba. Ƙaurace wa kayan Ingila ya sa aka soke dokar a Maris na 1766, amma a rana guda majalisar ta zartar da wata da ke cewa tana da ikon yi wa yankunan doka a kan kowane al'amari.

Daga nan rigimar ta riƙa maimaita kanta. An aza haraji kan gilashi da fenti da takarda da ganyen shayi a 1767, aka kai sojoji Boston a 1768, suka harbe mutum biyar a 5 ga Maris, 1770, cikinsu har da Crispus Attucks mai jinin Afirka. Aka janye harajin duka ban da taro a kan kowace laba ta shayi, wanda aka bari don kada a ce majalisa ta sallama ikonta. Dokar shayi ta 1773, wadda aka yi don ceto kamfanin East India daga durƙushewa, ta ma sauƙaƙa farashin shayin, sai dai duk wanda ya saya ya amince da harajin taron ke nan. Daren 16 ga Disamba wasu mutane da suka ɓad da kama suka hau jirage uku a tashar Boston, suka zubar da akwati 342 na shayi cikin ruwa.

Martanin Landan a 1774, na rufe tashar Boston da tauye ikon zaɓaɓɓun Massachusetts, yankin da Boston take ciki, shi ya haɗa kan sauran yankunan, har 12 daga cikinsu suka tura wakilai Philadelphia a Satumba. Ko bayan an fara musayar wuta a Lexington da Concord a 19 ga Afrilu, 1775, taron wakilan ya sake aika wa sarki takardar neman sulhu a Yuli, shi kuwa a Agusta ya ayyana su 'yan tawaye. Wanda sarkinsa ya kira shi ɗan tawaye ba shi da sauran damar kafa hujja da haƙƙin ɗan Ingila, don haka aka koma ga haƙƙin ɗan Adam irin na Locke. Thomas Paine, wanda bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da zuwa daga Ingila ba, ya fitar da ƙasidarsa a Janairun 1776 cikin harshen da manomi zai gane, yana sukar sarautar gado kanta.

Takardar ayyana 'yanci ta 4 ga Yuli, 1776, wadda Thomas Jefferson ya tsara, ta ce an halicci mutane daidai, kuma hukuma daga yardar waɗanda ake mulka take samun iko. A lokacin, kusan mutum ɗaya cikin biyar na al'ummar da ta kai wajen miliyan 2.5 bayi ne 'yan asalin Afirka, Jefferson ya mallaki ɗaruruwansu a tsawon rayuwarsa, Locke kansa ya taɓa zuba jari a kamfanin Royal African mai jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma. A rubutun farko Jefferson ya saka wani sakin layi da ke ɗora wa sarki laifin cinikin bayi, amma wakilan suka cire shi kafin a amince da takardar, kuma shi da kansa ya rubuta daga baya cewa an yi haka ne don faranta wa South Carolina da Georgia.