Haƙƙin ɗalibi mai nakasa a ajin da ake koyarwa da na'ura

A watan Disamba na 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Masu Nakasa, ta fara aiki a watan Mayu na 2008. Sashe na 24 shi ne na ilimi, kuma ya hana a cire yaro daga makarantar da kowa ke zuwa saboda nakasa.

Nauyi biyu yarjejeniyar ta ɗora, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko yana sashe na 9: a tsara gini, littafi da manhaja yadda kowa zai iya amfani da su tun kafin wani ya nema. Na biyu shi ne gyaran da ake yi wa mutum guda daidai da buƙatarsa, kamar ƙara masa lokacin jarrabawa ko barinsa ya amsa tambaya da kwamfuta. Sashe na 2 ya ce hana wannan gyara wariya ce, sai fa idan nauyinsa ya wuce kima. A 2016 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya yi ƙarin bayani cewa ba a ɗage wannan haƙƙi zuwa lokacin da hali ya samu, ba a ɗora wa ɗalibi kuɗinsa, ba a kuma gindaya takardar likita a matsayin sharaɗi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne darasin da malami ke rabawa. Manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, irin su NVDA wadda kyauta ce, rubutu take gani. Idan aka ɗauki hoton shafin littafi aka tura, shiru za ta yi, domin a wurinta hoto ne kawai. Gwajin ba shi da wuya: a yi ƙoƙarin kwafo kalma ɗaya daga shafin. In ta ƙi, a sake buga shi, ko a bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto rubutu, sannan a duba kurakurai, musamman a lissafi.

Ƙa'idojin WCAG 2.1 na 2018, waɗanda ke bayyana yadda za a tsara shafukan intanet domin masu nakasa su iya amfani da su, sun ba da ma'auni. Bambancin hasken rubutu da na bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1. Rubutu ya iya ninka girmansa biyu ba tare da wani ɓangare ya ɓace ba. Kowane hoto mai ma'ana a rubuta masa bayani, kuma a iya yin komai da madannan kwamfuta kaɗai.

Bidiyo kuwa sai da rubutu a ƙasa domin kurame. Wanda na'ura ke yi da kanta yana ɓata sunaye da kalmomin kimiyya, don haka malami ya gyara shi kafin ranar darasi. Wannan rubutu bai maye gurbin tafinta ba, domin yaron da ya tashi da yaren kurame, rubutu harshe na biyu ne a gare shi, shi ya sa sashe na 24 ya nemi a ɗauki malaman da suka iya yaren kurame ko rubutun makafi.