Idan ƙarin atisaye ya fara cinye ƙarfin ɗan wasa

A tsakiyar bazarar bara wani dattijo ya shigo ɗakin da nake ganin marasa lafiya, ɗansa na biye da shi, saurayi mai shekara 19. Na san yaron, domin ranar wasa nakan je filin unguwarmu da akwatin agajin gaggawa. Ɗan gaba ne, irin wanda in ya ja ƙwallo ta gefen layi sai ka ji 'yan kallo sun miƙe tsaye. Ran nan kuwa da ya zauna a kan benci sai ya jingina kansa da bango ya lumshe ido.

"Likita, a duba mini yaron nan," in ji mahaifin. "Wata biyu ke nan ba barci, ba cin abinci, abu kaɗan sai faɗa da ƙannensa. Uwarsa ta ce sammu ne, kocinsu ya ce lalaci ne. Ni kuma na ce mu fara da asibiti."

Muka yi gwajin maleriya, babu. Muka auna yawan jini da sukari, lafiya lau. Sai na ce, "Ƙanena, ba ni labarin yininka daga Asuba har ka kwanta." Ana sallame sallar Asuba yana kan titi yana gudu na kusan awa guda. Ƙarfe 7 yana filin kulob. Daga can sai wurin buga bulo, inda yake ɗora wa mota kaya har Azahar, don da kuɗin yake sayen takalmin ƙwallo. La'asar sakaliya ya koma filin unguwa a yi ta bugawa har Magariba. Da dare gidan kallon ƙwallo, sai sha biyu ya shigo gida. Karin kumallonsa koko da ƙosai, wata rana ma babu. An gaya masa masu neman 'yan wasa za su zo gwaji, shi ya sa ya soke hutun Juma'a da ya saba yi. Da ya ga gudunsa ya fara raguwa sai ya ce ai atisayen ne bai isa ba, ya ƙara da gudu cikin yashi. Da gwiwa da ƙwauri suka fara ciwo sai ya riƙa biyawa kemis yana haɗiyar maganin ciwon jiki kafin ya shiga fili.

Wannan yaro ba malalaci ba ne, ƙwazonsa ne ya kai shi ga wannan hali. Irinsa suna da yawa a filayen ƙwallonmu, da gidajen ɗaga ƙarfe, da cikin 'yan dambe da 'yan kokawa, har da samarin da ke shirin gudun tantancewa na shiga soja.

Abin da yawancin matasa ba su sani ba shi ne ƙarfi ba a fili yake shiga jiki ba. A fili ana taɓa tsoka ne, zarenta ya ɗan tsattsage, abincin da ta tara ya ƙone, ruwa da gishirin jiki su fita ta gumi. Sai an ci, an sha, an yi barci, sannan jiki ke gyara abin da ya lalace, har ya ɗan ɗora a kan yadda yake da, don ya iya ɗaukar nauyin gobe. Wannan ɗan ƙarin shi ne ribar atisaye. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya da rani ya san in ba a bar ta ta tsattsafo ba, guga laka zai fito da ita, kuma ƙara tsawon igiya ba ya kawo ruwa.

A shekarar 2013 manyan ƙungiyoyi biyu na masana lafiyar 'yan wasa, ɗaya ta Turai ɗaya ta Amurka, sun fitar da matsaya guda a kan wannan matsala, suka kasa ta hawa uku. Hawan farko gajiya ce mai amfani: an matsa wa jiki na ɗan lokaci, ƙwazo ya ɗan sauka, an huta kwanaki ko mako ɗaya zuwa biyu, ɗan wasa ya dawo ya fi da. Koci mai ilimi da gangan yake yin wannan kafin gasa. Hawa na biyu shi ne an matsa ba a saki ba, sai an shafe makonni ko watanni kafin mutum ya dawo daidai, kuma babu ribar da aka samu. Na uku shi ne ainihin ciwon wuce gona da iri a atisaye, wanda kan ci watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara, har ya raba wasu da wasan gaba ɗaya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne babu wata ƙararrawa da ke kaɗawa tsakanin hawa da hawa. Sau da yawa tsawon lokacin da mutum ya ɗauka kafin ya warke ne ke nuna inda ya kai.

Kada wani ya ce matsalar talaka ce da ba shi da abinci mai kyau. Simone Manuel, 'yar ninƙayar Amurka, ta ci lambar zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, ita ce baƙar fata Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinariya a tseren ninƙaya na ɗaiɗaiku, ba na ƙungiya ba, a wannan gasa. A watan Yunin 2021, a gasar tace waɗanda za su je gasar Olamfik ta birnin Tokiyo, ta kasa kaiwa zagayen ƙarshe a wannan tseren da take riƙe da kambunsa. Nan ta bayyana wa manema labarai cewa tun watan Maris likita ya tabbatar mata da wannan ciwo. Ta ambaci bugun zuciya da ya ƙaru, rashin barci, rashin son abinci, ciwon tsoka da baƙin ciki, kuma sai da aka hana ta atisaye na mako uku ana dab da gasa. Tana da ƙwararrun masu horarwa da likitoci, amma abin ya same ta. Bayan Tokiyo ta ɗauki dogon hutu, sannan ta dawo ta ci azurfa tare da abokan tserenta a birnin Paris a 2024.

Babbar alama ita ce ƙwazo yana sauka alhali atisaye yana nan ko ma ya ƙaru, kuma hutun kwana biyu ko uku bai gyara ba. Ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu bulo. Mutum ya kwanta a gajiye tiɓis amma barci ya ƙi zuwa, ko ya riƙa farkawa cikin dare. Abinci ya fita daga ransa, ya fara ramewa, mura da ciwon maƙogwaro su riƙa zuwa a kai a kai, ƙaramin rauni ya daɗe bai warke ba. Amma a abin da na gani, halin yaro ne ke fara canzawa kafin jikinsa. Wanda yake fara isa fili ya koma neman dalilin ƙin zuwa, mai fara'a ya zama mai saurin fushi. Iyaye mata su ke fara lura da wannan, shi ya sa nake roƙon a riƙa sauraronsu. Ga 'yan mata masu wasa kuwa, idan al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba, wannan ba alamar jiki ya murje ba ne. Alama ce abincin bai kai aikin da jiki ke yi ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin, har ya fara tsagewa.

Babu gwajin jini guda da zai ce ga ciwon nan. Sai an kore sauran cututtukan da ke kama da shi: maleriya, ƙarancin jini, taifot, ciwon hanta, tarin fuka, ciwon sukari, matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa. Don haka kada koci ko ɗan wasa ya yanke hukunci a bakin fili. A zo asibiti a duba.

Yanzu ga abin da na fi so kowane koci ya ɗauka, don ba ya buƙatar na'ura, littafin rubutu da biro sun isa. Kamar rabin awa bayan an tashi daga atisaye, a tambayi ɗan wasa: daga 1 zuwa 10, yaya wahalar ta yau? Sai a ninka amsarsa da mintocin da aka yi. Minti 90 da ya ba maki 7 ya zama 630. Minti 40 na sassarfa da ya ba maki 3 ya zama 120. A tara na mako. Wani masani Ba'amurke, Carl Foster, shi ya fito da wannan hanya, kuma manyan kulob-kulob suna aiki da ita. Abu biyu ake nema a littafin. Na farko, kada jimillar wannan mako ta yi tsalle ta bar ta makonnin baya nesa. Masu horar da 'yan gudu sukan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. Ba doka ba ce da ta dace da kowa, amma ta fi a ninka aiki dare ɗaya saboda an ji labarin gwaji. Na biyu, kada ranaku su zama iri ɗaya. Rana mai zafi, mai sauƙi ta biyo ta. Kuma idan atisayen da yaro ya saba ba maki 5 ya koma yana ba shi 8, littafin ya riga ya yi magana.

A nan ne namu ya bambanta da na Turawa. Ɗan wasansu in ya bar fili ya tafi hutawa ne. Namu ya tafi ɗaukar bulo, ko tuƙa A Daidaita Sahu, ko gona, ko tsayuwar yini a kasuwa. Jiki bai san wannan atisaye ne wancan neman abinci ne ba, duk a asusu ɗaya yake cira. Haka jarrabawa, da rigimar gida, da zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40. Lallai koci ya san sana'ar kowane yaronsa, ya kuma san wanda ke zuwa wani fili a ɓoye da yamma. Da azumi a rage nauyi, a mai da aiki mai tsanani bayan buɗa baki.

Shi ma ɗan wasa yana da nasa awon. Da farkawa, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ka ƙirga bugun minti guda, ka rubuta. Bayan mako biyu za ka san naka na kullum. In ka ga ya haura da kamar bugu 5 zuwa 10 kwana uku a jere, ga kasala, to ranar ta sassauci ce. In da zazzaɓi kuwa babu atisaye sam, domin wasu ƙwayoyin cuta kan taɓa tsokar zuciya, kuma gudu a wannan hali na iya kashe mutum.

A ba jiki aƙalla yini guda cur a mako ba fili. Baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi ɗan shekara 14 zuwa 17 kuwa 8 zuwa 10, kuma ƙailula ba lalaci ba ce. Abinci ba sai na gwangwani mai tsada ba. Tuwo, shinkafa, dankali da fura suna mayar da abin da aka ƙona. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara da nono suna gyara tsoka. A ci wani abu cikin awa ɗaya ko biyu bayan an tashi, kada a wuce wurin aiki da cikin wofi. Fitsari in ya yi ja-ja-ja, ruwan da ake sha bai isa ba.

Maganar ƙwayoyi tana ci mini rai ƙwarai. Ciwo saƙo ne jiki ke aikowa, maganin kashe ciwo kuma toshe bakin ɗan saƙon yake yi, raunin na nan yana faɗaɗa. Irin su diclofenac da ibuprofen, in an sha su ana gumi cikin rana ba isasshen ruwa, suna iya lalata ƙoda su kuma ƙwaƙule ciki. Tramadol kuwa, ban da kama mutum da yake yi, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Yaron da ke mafarkin buga wa Kano Pillars ko fita waje ya san wannan tun yanzu.

Akwai abubuwan da ba a jira a kansu. Fitsari ya koma kalar shayi ba madara bayan atisaye mai tsanani, ga tsoka ta kumbura tana ciwo: tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Ciwon ƙirji, suma, ko ruɗewa cikin zafin rana. Duk waɗannan asibiti ne nan take. Kowane ɗan wasa kuma ya san rukunin jininsa na sikila, domin mai AS, ko da yake yana wasa lafiya, haɗarinsa ya fi yawa idan aka haɗa masa gudu ba tsayawa da zafi da ƙishirwa. Ina roƙon masu horarwa, don Allah a daina hukunta yaro da zagaye fili ko tsallen kwaɗo da tsakar rana don ya makara ko an ci su wasa.

Yaron nan da na fara da shi, da na ce ya ajiye takalmi mako biyu sai idonsa ya kawo ruwa. "Yaya, gwajin fa?" Na ce masa in ya je a haka, abin da za su gani ba shi ba ne. Na je na sami kocinsu muka zauna a gindin darbejiyar bakin fili, kuma ya saurare ni, Allah ya saka masa. Bayan mako biyu yaron ya fara tafiya da sassarfa ta minti 20, rana ɗaya a yi rana ɗaya a bari. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci. Mahaifinsa ya roƙi mai gidan bulo ya mai da shi wurin ƙirga kaya na ɗan lokaci. Gwajin ya wuce shi, kuma ya ji zafin hakan sosai. Sai a mako na tara ya buga cikakken wasa. Har yanzu duk ƙarshen wata yakan biyo da littafinsa, mu duba bugun zuciyarsa na safe da jimillar makonninsa, in ga ko ranar Juma'a tana nan ba a rubuta komai a cikinta ba.