Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya: me ya sa take sandarewa?

Na ɗora Ubuntu a gefen Windows. Windows lafiya lau, amma ina shiga Ubuntu sai allo ya yi baƙi. Kwamfutar ce ta lalace?

Da wuya. Tunda Windows na aiki, ƙarfen lafiyarsa lau. Yawanci matsalar direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar manhaja da wani sashe na na'ura, kamar katin hoto ko na Wi-Fi. Kamfanonin kwamfutar cinya sun fi gwada kayansu da Windows, shi ya sa Linux, wanda Ubuntu nau'insa ne, ke tuntuɓe a inda Windows ke wucewa salin alin.

Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne katin hoto na NVIDIA. Kwamfutoci da yawa katin hoto biyu gare su: na Intel ko AMD don aikin yau da kullum, da na NVIDIA don aiki mai nauyi. Idan ba a saka direban kamfanin ba, Ubuntu na amfani da wani mai suna nouveau, wanda masu sa kai suka rubuta, kuma sabbin katuna kan ba shi wahala.

To yaya zan shiga in gyara, alhali ba na ganin komai?

A jerin zaɓin GRUB da ke fitowa bayan ka kunna, tsaya a kan Ubuntu ka danna e. Nemi layin da ya fara da linux, ka ƙara nomodeset bayan quiet splash, sai ka danna F10. Hoto zai fito da girma ba tsari, amma za ka shiga. Wannan na wucin gadi ne, ba ya zama bayan ka sake kunnawa. Da ka shiga, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `sudo ubuntu-drivers install`, ka sake kunnawa.

Shawarata, kada ka sauko da direba daga shafin NVIDIA ka girka da hannu. Na Ubuntu an haɗa shi ne ya tafi tare da sabuntawar tsarin. Wanda ka ɗora da hannu kan watse ranar da kenel, wato zuciyar Linux, ya canza.

Wi-Fi na aiki wata rana, wata rana ya ɓace. Me ke kawo haka?

Lura da wannan: shin yana ɓacewa ne bayan ka fito daga Windows? Tun Windows 8 a 2012 akwai tsarin Fast Startup. Idan ka kashe, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare na kanta don ta tashi da sauri. Sai Ubuntu ya tarar da katin Wi-Fi ko Bluetooth a wani hali da bai sani ba, wani lokacin ma ya ƙi rubutu a faifan Windows. Kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel, ko ka rubuta `powercfg /h off` a Command Prompt na Windows, a matsayin mai gudanarwa (administrator).

Jiya komai lafiya, na yi sabuntawa, yau ta ƙi tashi.

A GRUB zaɓi Advanced options for Ubuntu, ka hau tsohon kenel. Idan ta tashi, ka gano bakin zaren. Duba kuma Secure Boot, tsarin da ke hana loda manhajar da ba a tantance ba yayin tashi: direban da aka haɗa a kan kwamfutarka ba ya lodawa sai ka yi rajistar mabuɗin tantancewa mai suna MOK a shuɗin allon da ke fitowa yayin sake kunnawa, wanda mutane da yawa ke tsallakewa.

Ba gara in goge in sake ɗorawa ba?

A'a, direban da ya kayar da kai shi zai dawo. Bayan ta sandare ka sake kunnawa, rubuta `journalctl -b -1 -p err` ka ga kurakuran zaman da ya wuce. Sunaye irin nouveau, nvidia, amdgpu, iwlwifi ko rtw suna nuna maka inda za ka dosa. Ka riƙa canza abu ɗaya ka gwada kafin na biyu, in ba haka ba ba za ka san abin da ya yi magani ba.

Idan Windows da Ubuntu duka suna faɗuwa fa?

Nan kam a bar zargin direba. A gwada RAM da manhajar gwaji mai suna memtest86+, a buɗe a share ƙurar da ta toshe fanka, musamman bayan hunturu.