Sana'ar matan da ke riƙe da gida a karkarar Zariya

A ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, irin su Giwa, Shika, Bomo, Hunƙuyi da Soba, akwai gidajen da mace ce ke ɗauke da ci da sha: wadda mijinta ya rasu, bazawarar da aka bar wa 'ya'ya, ko wadda maigida ya tafi cin rani. Yawancinsu sana'ar cikin gida suke yi, kamar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, awara, ƙosai da kiwon awaki.

Jarin farko ƙarami ne. Idan mamaci ya bar 'ya'ya, tumunin dukiyarsa ne rabon mata, kashi 1 cikin 8, kuma in da kishiyoyi raba shi za su yi. Ga takaba ta wata 4 da kwana 10, lokacin da fita ke ƙaranci, sai ciniki ya koma hannun 'yar talla. Sauran jarin daga adashi yake fitowa, ko sayar da akuya, ko kayan ɗaki.

Man gyaɗa ne ya fi nuna yadda lissafin yake. Ana soya gyaɗa sama-sama, a murje, a bushe ɓawon, a kai inji. Sai a zuba niƙaƙƙen a turmi ana juyawa, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, a kwashe, a matse tunkuzar, a mulmula a soya ƙuli. Masu sana'ar kan ce shi mai, uwar kuɗi yake mayarwa, riba tana cikin ƙuli. Shi ya sa gidan da yara ke ɗibar ƙuli ba ƙaidi yake cinye ribarsa ba a sani ba. Gyaɗar da ta ƙone tana ba da baƙin mai mai ɗaci. Man da ba a ƙara dafawa ruwan jikinsa ya ƙone ba, wari yake yi cikin kwalba. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa zubarwa ake yi, don gubarta tana illata hanta.

Abin da ya fi karya irin wannan sana'a shi ne zaman jari da kuɗin cefane a ƙulli ɗaya. Mai miji tana iya juya ribarta. Mai riƙe da gida daga ciniki take sayen masara, magani da kuɗin makaranta. Ciwon yaro ɗaya ko gudummawar biki kan tafi da uwar kuɗi. Masu ɗorewa suna ware kuɗin tiyoyin gobe kafin a taɓa na miya, kuma suna iyakance bashin maƙwabta, wanda karɓo shi ke da nauyin baki.

Sai lokacin saye. Da kaka hatsi yana araha, da bazara zuwa tsakiyar damina yana tsada, don haka wadda ta daidaita kwasar adashinta da kaka ta ci rabin nasara. Wake yana ajiyuwa ba magani a buhun PICS mai ruɓi 3, muddin ya bushe sosai, an ɗaure kowane ruɓi daban, ɓera bai huda ba. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin niƙa da na mota, har wasu suka koma haɗa kayansu a aiki mutum ɗaya kasuwa.

Kiwo shi ne asusun da ake fasawa ran tsanani. Akuya tana haihuwa bayan wata 5 da ɗaukar ciki, sau da yawa tagwaye, kuma dusar gidan ce abincinta. Annobar zawo da majina kan share garke, amma tana da allurar rigakafi wurin malaman dabbobi. Kaji kuma da hunturu suka fi mutuwa. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana fitar da irin gyaɗa na SAMNUT da wake na SAMPEA, ta dabbobi kuma tana Shika, sai dai mace mai zaman gida ba kasafai take haɗuwa da malamin gona ba in ba ta ƙungiyar mata ba.