Datus (kalmar Latin)

Datus sifa ce 'yar aikatau a harshen Latin, daga ajin kalmomin da masu nahawun Romawa suka kira participium, wato mai ɗaukar rabo, domin ta ɗebi halin aikatau ta kuma ɗebi na sifa. Tushenta shi ne aikatau dare, "bayarwa", ma'anarta kuwa "wanda aka bayar". Wanda ya yi karatun Larabci zai gane ta da ismul maf'uli. Takwarorinta a Hausa su ne irin su rubutacce, rubutacciya, rubutattu.

Kamar waɗannan, tana bin sunan da take siffantawa a jinsi da adadi, sai dai Latin jinsi uku gare shi: datus namiji, data mace, datum na ukun da ba namiji ba ne ba mace ba. Jam'insu dati, datae da data. Ƙarshen kalmar kuma yana sauyawa gwargwadon matsayinta a jimla, kamar li'irabin Larabci.

Idan ta haɗu da aikatau esse, "kasancewa", sai ta nuna aikin da aka riga aka yi: liber datus est, "an ba da littafin". Nan ɗalibai kan yi tuntuɓe, don est, wanda sigar esse ne, in yana shi kaɗai na yanzu ne, amma jimlar ta shuɗaɗɗen lokaci ce.

Mafi armashin aikinta yana cikin gini irin signo dato, "da aka ba da alama", wanda Julius Kaisar, jagoran yaƙin Romawa, ya yi amfani da shi a labarin yaƙinsa na Gaul (yankin Faransa ta yau), inda yake bayanin yadda rundunarsa ta afka wa abokan gaba. Aikatau dare yana da dans, mai bayarwa yanzu, da daturus, wanda zai bayar, amma ba shi da sifar da za ta ce "wanda ya riga ya bayar". Wannan giɓin ne ke sa marubuci ya juya maganar kan abin da aka bayar, ya dunƙule jimla guda cikin kalmomi biyu.

A da, a ƙarshen wasiƙar Latin akan rubuta data Romae, "an ba da ita a Roma", sannan rana ta biyo. Daga nan kalmar Turanci da Faransanci ta kwanan wata, date, ta samo asali. Jam'in jinsi na uku, data, "abubuwan da aka bayar", shi ne ya zama sunan bayanan kwamfuta, har ya shigo Hausa ta hanyar Turanci. Bahaushe ya ji wasalin a a ƙarshe ya ba ta jinsin mace tilo, shi ya sa ake cewa data ta ƙare.