Nightwish: tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Su wane ne Nightwish?

Makaɗa ne 'yan ƙasar Finland, daga ƙaramin garin Kitee. Tuomas Holopainen ya kafa ƙungiyar a 1996. Na sha faɗa.

Opera suke yi?

A'a. Opera wasan kwaikwayo ne da ake yin sa da waƙa daga farko har ƙarshe, kuma mawaƙi kan cika zaure da muryarsa ba tare da makirufo ba. Su kiɗan rock mai nauyi suke yi, da jita da ganguna, sai suka ɗora masa murya irin ta opera.

Ina Tarja Turunen?

Ita ce mawaƙiyarsu ta farko, mai muryar opera ɗin. Tun Oktoban 2005 suka sallame ta, da buɗaɗɗiyar wasiƙa, bayan wasansu a Helsinki. Anette Olzon ta gaje ta, sannan Floor Jansen 'yar Holan ta karɓa a 2012. Don Allah ku daina zagin Floor saboda Tarja. Ba ita ta kore ta ba.

Zan iya koyon irin wannan muryar da kaina a gida?

Nan ne nake jin tsoro. Wataƙila ka iya kama wani abu, musamman numfashi: ka kwanta rigingine, ka ɗora hannu a ciki, ka ja iska har hannun ya ɗago, kafaɗunka ba su motsa ba. Wannan ba ya cutarwa. Amma hawa can sama da murya, ban yarda ka yi shi kai kaɗai ba. Tarja sai da ta yi karatun waƙa a makarantar Sibelius, malami na tsaye a kanta. Kai kuwa waya ce a kunnenka, kana matse maƙogwaro, jijiyoyin wuya sun fito raɗa-raɗa. Wani zai tsira, wani kuma murya ta dishe masa. Ya danganta da irin muryarka, ni kuma ban ji ta ba. In babu malami kusa, ka tsaya inda muryar ke fita ba yunƙuri, ka riƙa shan ruwa, ka dakata da zarar ka ji zafi. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku, likitan maƙogwaro za ka gani. Kada ka damu, yawanci hutu ke gyara ta.

Da Turanci suke waƙa?

Galibi. Kaɗan ne da harshen Finland.