Kira ga Masu Zuba Jari a Haƙar Zinare

Alhazai da 'yan kasuwa masu ɗaukar nauyin ramukan zinare, da ku nake. Ku ne ke sayen injin, ku ne ke biyan lebura, don haka gyara yana hannunku fiye da hannun yaron da ke cikin rami.

Ku tuna shekarar 2010 a Zamfara. Farashin zinare ya tashi, kuɗi suka shigo ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka sayi babura, aka yi rufin kwano. Kowa ya ce arziki ya zo. Ashe dutsen da ake haƙowa cike yake da gubar dalma. Ana kawo shi har tsakar gida, mata na dakawa a turmi, ana kai shi injin niƙa, ƙura na sauka a kan abinci da tabarma da hannun yaro mai rarrafe. Kafin likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF su gano musabbabin, an riga an yi ta binne yara a ƙauyukan Dareta da Yargalma. Aƙalla yara 400 suka rasu. Cikin waɗanda suka tsira akwai makafi, akwai waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, kuma ƙauyen Bagega, inda shi ma gubar ta shafa, bai samu wannan aikin ba sai 2013. A 2015 ma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Wanda ya ci ribar zinaren nan bai biya kuɗin magani ba, bai biya na kankare ƙasa ba. Iyaye ne suka biya da 'ya'yansu. Wannan ne abin da ke ci mini rai a wannan aiki, domin ana lissafin riba an cire mutane daga ciki, alhali mun san addini ya hana cuta da cutarwa.

Ba na cewa a bar sana'a, mutane da ita suke ci. Amma kafin ka saki kuɗinka, ka je da kanka ka ga inda ake niƙa. Ya zama nesa da gari da rijiya. A riƙa niƙa da ruwa don ƙura ta kwanta. Ka sa kuɗin wurin wanka da kayan canji cikin jarinka, don kada lebura ya koma gida da tufafin aiki ya ɗauki jaririnsa. Injin hatsi daban, na dutse daban. Yaro da mace mai ciki kada su kusanci wurin, ko da talla ce ta kai su.

Iyaye kuma, in yaro ya fara amai, ciwon ciki, kasala ko jijjiga, ku garzaya asibiti, ku faɗa wa ma'aikaci cewa ana aikin zinare a garinku, don a gwada jininsa.